Yadda na kai fiffike ramin gwajin iska, daga lissafin farko zuwa miƙa sakamako

Wanda aka ɗora wa aikin auna ƙarfin iska a kan fiffiken jirgin sama a ramin gwaji na jami'a, wato na'urar da fanka ke ratsa iska ta kan samfuri a cikinta, yakan so ya fara da ƙera samfuri, don shi ne abin da hannu ke ɗokin taɓawa. Alhali ƙira mataki na huɗu ce. Babu wata takarda guda da ta jera matakan, kowane ofishi nasa kaɗai ya sani, sai ka tsaya gabansa ne zai tambaye ka takardar ofishin da ka tsallake. Na bi wannan hanya da fiffike mai wata sananniyar siffa da ake kira NACA 0012, a rami mai akwatin gwaji, wato inda ake ɗaura samfuri, santimita 60 a faɗi da 60 a tsayi, wanda iskarsa ba ta wuce mita 30 da ɗoriya a sakan. Zan jero abin da ya gudana a kowane zango tare da dalilinsa, domin yawancin abin da ake nema a ofisoshin nan ba tsirfar ma'aikata ba ce, halin iska ne ya jawo shi.

Zangon farko ofishin malamin da ke duba aikin ne, kuma ba ya sa hannu sai ya ga lissafi uku a shafi ɗaya. Na farko matsin gudu, wato rabin nauyin iska sau gudu sau gudu. A daidai tsayin teku, a zafin digiri 15, mita kubik ɗaya ta iska kilogiram 1.225 ce, saboda haka a gudun mita 20 a sakan matsin gudu faskal 245 ne, faskal kuwa ma'aunin matsi ne. Fiffiken faɗinsa santimita 15 daga goshi zuwa wutsiya, tsawonsa 60 daga bango zuwa bango, filinsa murabba'in mita 0.09. Ka ninka fili da matsi ka sami ƙarfi na niwton 22, kuma daga wannan adadi komai ke fita. Idan lambar ɗagawa, wadda ake rubutawa CL, ta kai 0.8, ƙarfin da ke ɗaga fiffiken wajen niwton 18 ne. Turjiya kuwa, wato ƙarfin da ke jan sa baya, a ƙaramar kusurwa, wato in an ɗaga goshin fiffiken kaɗan, lambarta CD wajen 0.012 ce, wato niwton 0.26, nauyin giram 27, kaɗan ya ɗara batirin agogon bango guda. Wannan ɗan ƙarfi ne za ka je aunawa a cikin na'ura mai fanka da ke girgiza ɗaki, kuma duk tsananin da za ka gani nan gaba daga nan ya taso. Matsewar iska ba ta cikin lissafi a nan: muddin ba a kai kashi 30 cikin 100 na gudun sauti ba, wajen mita 100 a sakan ke nan, nauyinta ba ya canjawa fiye da kashi 5, sai a ɗauke ta a matsayin abin da ba ya matsuwa.

Lissafi na biyu lambar Reynolds ce, a kanta muka fi daɗewa. Ana ninka gudu da faɗin fiffike, a raba da danƙon iska, wanda a wannan yanayi murabba'in mita 0.0000146 ne a sakan. Nawa ya fito 205,000. Lambar tana nuna wanda ya fi rinjaye tsakanin ƙarfin tafiyar iska da danƙonta. Osborne Reynolds ne ya nuna haka a Manchesta a 1883, da ya saki rini cikin ruwan da ke bin bututun gilashi: ruwa na tafiya a hankali rinin ya miƙe siriri, gudu na ƙaruwa ya yamutse ya gauraye, kuma a bututu sauyin yakan zo ne da lambar ta haura 2,000. Abin da malamin ke son ka gane tun kafin ka kashe sisi shi ne, ƙaramin jirgi mai fiffike mita 1.5 da ke tafiya mita 50 a sakan lambarsa miliyan 5 ce. Kafin fiffiken santimita 15 ya kai nan sai iska ta yi mita 500 a sakan, ta wuce gudun sauti. Ba zai yiwu ba. To sai a rubuta ɓaro-ɓaro a takardar neman izini cewa sakamakon na lambar 200,000 ne, wanda ya dace da ƙananan jirage marasa matuƙi, ba da jirgin da ke ɗaukar mutum ba. Lissafi na uku toshewa: kason akwatin gwaji da samfurin ke tarewa idan an dube shi daga gaba. NACA 0012 kaurinsa kashi 12 ne na faɗinsa, santimita 1.8 ke nan, kashi 3 na tsayin akwatin. Idan aka ɗaga goshinsa digiri 15 yakan tare kusan santimita 4, ƙasa da kashi 7. An fi son a tsaya kusa da kashi 5, kada a haura 10. Mai son ninka lambar Reynolds da fiffike santimita 30 zai tare kashi 13, nan take za a mayar da shi.

Da sa hannun malami a kan lissafin na wuce wurin injiniyan da ke kula da ɗakin gwaji. A nan ake cike fom na neman lokaci, a haɗa da zanen samfuri da jerin gwaje-gwajen da za a yi: kusurwa nawa, gudu nawa, me za a auna. A nan kuma ake maganar kuɗi. Lokacin rami da awa ake lissafa shi, a cire daga asusun sashe ko na bincike, don haka akwai wata takarda daga ofishin kuɗi mai lambar asusun, wadda ba wanda ya ambace ta sai da na zo ajiye fom. Ita ta fi cin lokaci, gara a fara nemanta tun ranar da malami ya amince. Jira yakan kai makonni, ya fi tsawo a ƙarshen zangon karatu da kowa ke son gama aikinsa. Abin da ya fi amfanata a wannan ofishi tambaya ce guda: «Injiniya, akwai fayil ɗin ramin?» Ya ɗauko shi daga durowa. A ciki akwai ma'aunin hawa maƙala, wato abin da ke riƙe samfuri, iyakar ƙarfin da sikelin awon ɗagawa da turjiya ke ɗauka, da sakamakon awon yamutsin iska da aka taɓa yi da waya mai zafi, siririyar wayar da kaurinta wajen maikiromita 5 ne. Ramukan koyarwa yamutsinsu yakan kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ko fiye, na bincike masu kyau ƙasa da kashi 0.1. A lambar Reynolds irin tamu wannan bambanci yana canja kusurwar da iska ke sakin fiffike, don haka dole adadin ya shiga rahoto.

Ya kamata kuma ka san irin ramin, domin kowanne da halinsa. Namu buɗaɗɗe ne, irin wanda ake dangantawa da Gustave Eiffel, da ya gina nasa a Faris a 1909: yana zuƙar iskar ɗaki, ta ratsa saƙar zuma ta ƙarfe da ke miƙar da ita, ta ratsa raga biyu ko uku da ke farfasa manyan yamutsi, ta shiga mazurari da ke tsuke ta ninki shida zuwa tara, ta bi akwatin gwaji, sannan ta fita ta bututu mai buɗewa a hankali zuwa fanka. Buɗewar ba ta wuce digiri 6 ko 7, in ta fi haka iska ta saki bango gudun ya riƙa hawa da sauka. Ɗaya nau'in rufaffe ne, irin na Ludwig Prandtl a Gottingen ta Jamus, iska ɗaya ke kewayawa. Rufaffe yana ɗumama da aiki, buɗaɗɗe kuma duk abin da ya faru a ɗaki yana jin sa. Wani ya buɗe ƙofa kana tsakiyar awo, ruwan manomita, bututun ruwan da ke nuna matsi, zai motsa a gaban idonka.

Zango na uku jami'in kiyaye haɗari ne. Yana son fom da ke lissafa abin da zai iya lalacewa da matakin da aka ɗauka, da lissafin ƙarfin samfuri a iyakar gudun rami, ba a gudun da ka yi niyya ba. A mita 30 a sakan matsin gudu ya zama faskal 551, ya ninka fiye da sau biyu don gudun ya ƙaru da rabi kawai, fiffiken zai ɗauki wajen niwton 50. Ana son maƙala ta jure ninkin wannan sau da yawa, adadin ya danganta da dokar wurin. Dalilin a fili yake: duk abin da ya ɓalle a akwatin gwaji fanka zai nufa. Bayan ya sa hannu akwai ɗan horo na gani da ido: inda maɓallin kashewa na gaggawa yake, toshen kunne, tabarau, ƙirga sifana da noti kafin a rufe murfi, da dokar cewa ba a kunna rami mutum ɗaya. Ba a ba ka makulli sai sunanka ya shiga rajistar waɗanda aka horar.

Sai yanzu ƙira. Lambar NACA tana faɗin siffa: sifili biyu na farko na nufin babu lanƙwasa, sama da ƙasa iri ɗaya ne, 12 kuma kauri. NACA, tsohuwar hukumar binciken jiragen sama ta Amurka, ita ce ta fitar da wannan jerin a 1933, kuma an auna 0012 a ramuka da dama, shi ya sa ya dace da mai farawa, akwai abin kwatantawa. A ɗakin ƙira za a ba ka zaɓi: alminiyam da injin sassaƙa, katako, ko firintar 3D. Alminiyam ya fi tsada da jira, firinta ta fi araha amma tana barin layi-layi. A nan ne ƙa'idar da Prandtl ya gabatar a 1904 ke shigowa. Iskar da ke taɓa fatar fiffike tsaye take cak, gudunta yana hawa ne daga sifili zuwa cikakke a cikin wata siririyar shimfiɗa manne da fatar. A tsakiyar fiffikena kaurin shimfiɗar bai fi milimita 1 da ɗan kai ba, kusa da goshi kuma ya gaza haka nesa. Tudun milimita 0.2 da firinta ta bari a goshi ya isa ya yamutsa ta tun ba a je ko'ina ba. Don haka ana shafa foti, a goga da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, a fesa fenti, a sake gogawa, ana duba siffar da ma'aunin da aka yanka daga zane don kada guga ta cinye goshin. Kashi 20 na gaba shi ne inda za ka ba lokacinka. Wutsiya kuma a bar ta da kaifi gwargwadon iko, domin a kanta iskar sama da ta ƙasa ke haɗuwa su fita salin-alin, kuma wannan fita ce ke tsayar da yawan ɗagawar da fiffike zai samu.

Hudojin awon matsi su ne aikin da ya fi cin rai da kuɗi. Kowace huda faɗinta rabin milimita zuwa ɗaya, a miƙe take shiga fata, bakinta ba tsini ba gemu. Ɗan gemun ƙarfe a bakin huda yana sa ta karanta matsin ƙarya. Ana yin ashirin zuwa talatin, a cunkusa su kusa da goshi inda matsi ke saurin canjawa, a jera su a karkace don kada ta gaba ta dagula wa ta baya iska. Kowace tana da siririn bututun ƙarfe a ciki, da tiyo da ke fita ta gefen fiffike. A liƙa wa kowane tiyo lamba tun kafin a rufe samfurin, bayan an rufe ba mai iya bambancewa. Sannan gwajin yoyo: a toshe huda da yatsa, a tura ɗan matsi da sirinji, a matse tiyo, a zuba wa manomita ido. Ruwa ya tsaya, lafiya. Ya zame a hankali, akwai yoyo, kuma yanzu ne lokacin gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya, awar rami kuwa tana tafiya ko kana liƙe tiyo. Kada a hura da baki cikin na'urar awon matsi ta lantarki, iyakarta 'yan faskal dubu ne ko ƙasa, numfashi ɗaya zai iya kashe ta.

Ranar farko a rami na zo da samfuri a hannu, injiniya ya ce in ajiye shi a kan tebur. «Ɗana, iskar za ka fara aunawa.» Aka fara da baromita, mai auna matsin iskar ɗaki, da ma'aunin zafi, domin 1.225 na littafi ne. Nauyin iska na gaskiya shi ne matsin ɗaki a raba da 287 sau zafi a ma'aunin Kelvin. A digiri 35 ya sauka zuwa 1.15, kuma danƙo ya hau har lambar Reynolds ta ragu da fiye da kashi 10 ba tare da an taɓa fanka ba. A wuri mai tudun mita 1,000 ma nauyin ya ragu da wajen kashi 9. Sai aka sa bututun Pitot a tsakiyar akwati. Henri Pitot ya ƙirƙiro shi a 1732 don auna gudun kogin Seine. Hudar bakinsa tana fuskantar iska, ta tsayar da ita, ta karanta jimillar matsi. Hudojin gefensa suna karanta matsin zaune. Bambancinsu shi ne matsin gudu, bisa ƙa'idar da ake kira da sunan Daniel Bernoulli, wadda ke cewa a kwarara marar asara jimillar biyun ba ta canjawa, inda gudu ya hau matsi ya sauka. Faskal 245 milimita 25 ne kacal na ruwa. Kuskuren milimita ɗaya a karatu kashi 4 ne a matsi, kashi 2 a gudu. A mita 10 a sakan duka ruwan milimita 6 ne, kuskuren ya zama kashi 16. Shi ya sa ake kwantar da manomita: a karkatar digiri 30 tsawon da ake karantawa ya ninka biyu. Aka yi ta matsar da bututun daga bango zuwa bango. A tsakiya gudu ɗaya ne, amma santimita biyun da ke kusa da bango iskar a raunane take, shimfiɗar bangon ce. Wannan ne dalilin da hudoji ke tsakiyar fiffike.

Bayan haka sikeli. A kunna shi a bar shi ya ɗumama kamar rabin awa, in ba haka ba sifilinsa zai yi ta zamewa. A rataya nauyin da aka sani, a tsaye don ɗagawa, sannan da zare da ya bi ta kan ƙaramar wili don turjiya, a ƙara a rage, a ga ko ya dawo inda ya tashi. A duba ko nauyin ɗagawa yana leƙawa cikin karatun turjiya. Kashi ɗaya kawai na niwton 18 ya kai 0.18, ya kusa cinye abin da ake nema. Sai a ɗaura samfuri, fanka a kashe, a bi duk kusurwoyin a rubuta karatu, domin nauyin fiffiken kansa yana canja karatu idan ya juya. Sannan a cire samfuri a kunna iska a kan maƙala ita kaɗai. Wannan awo ya fi kowanne ba mutane mamaki. Sandar ƙarfe mai kauri santimita 1 da tsawo 20 lambar turjiyarta wajen 1.2 ce, a gudunmu niwton 0.59, ninki biyu na fiffiken gaba ɗaya. Iska ba ta iya bin bayan abu mai zagaye, tana sakinsa ta bar faffaɗan sawu. Har kukanta za ka ji, guguwowi suna ɓallewa hagu da dama wajen sau 400 a sakan, domin adadin kashi ɗaya cikin biyar ne na gudu a raba da kauri. Saboda haka ake sa wa sanda riga mai siffar fiffike, ko a riƙe samfurin ta bango, da tazarar milimita ɗaya zuwa biyu. Ya taɓa bango sikeli ya yi ƙarya, tazara ta yi yawa iska ta zagayo daga ƙasa zuwa sama ta rage ɗagawa.

Sai aka kunna da fiffike a ciki. Awon farko neman sifili ne na gaskiya. Fiffike mai sama da ƙasa iri ɗaya ba shi da ɗagawa a kusurwa sifili, don haka in sikeli ya nuna wani abu, ko ma'aunin kusurwa ne ya kauce ko iskar ramin ce ke zuwa a ɗan karkace. Ana kife samfurin a sake awo don a bambance. Rabin digiri ba wasa ba ne, domin ƙa'ida ta ce CL na ƙaruwa da wajen 0.11 a kowane digiri. Daga nan ana hawa digiri ɗaya ko biyu, a jira sakan 20 zuwa 30 matsi ya zauna cikin dogayen tiyo, a ɗauki matsakaicin karatu mai yawa, a daidaita fanka don gudu yakan sauka idan kusurwa ta hau. Ana mayar da kowane matsi lamba Cp, wato a cire matsin zaune a raba da matsin gudu. A ƙarƙashin goshi akwai inda iska ke tsayawa, Cp ɗinsa 1 ne kuma ba ya wuce haka. Ka ga 1.2, laifin yana cikin tiyo ko lissafi. A saman goshi kuwa tsotso ne mai ƙarfi, ƙasa da sifili da biyu ko uku, kuma mafi yawan ɗagawa daga wannan tsotson sama take. Bayanin da ake yawan ji, wai iskar sama tana sauri ne don ta riski ta ƙasa a wutsiya, ba gaskiya ba ne. Wannan fiffike tsawon samansa da ƙasansa ɗaya ne, ga shi yana ɗagawa, kuma hayaƙi yana nuna ta sama tana riga isa. Fiffike yana lanƙwasa iska ne zuwa ƙasa, bambancin matsi kuma shi ne yadda iskar ke mayar masa da martani.

Inda hankali ke tashi shi ne bayan digiri 8. A zanen matsin sama sai wani wuri ya bayyana a shimfiɗe, hudoji uku ko huɗu suna karanta abu ɗaya, sannan matsi ya yi tsalle. Mai gani na farko zai zaci hudojin sun toshe. Ba toshewa ba ce. Bayan tsotson goshi, iska tana tafiya ne daga ƙaramin matsi zuwa babba, shimfiɗa mai tafiya a natse kuwa ba ta da ƙarfin wannan hawa, sai ta ɗaga daga fata, ta yamutse a sama, yamutsin ya jawo mata ƙarfi daga iskar waje, ta dawo ta manne. Tsakanin ɗagawa da dawowa akwai ɗan ƙulli na iska mai juyawa. Kusurwa na hawa ƙullin na matsowa goshi, har ya kai inda ta kasa dawowa. Tsakanin digiri 10 da 12 ɗagawa ta faɗi lokaci guda, samfuri ya hau rawa, muryar rami ta canja. CL ba ta cika haura 1.0 ba a nan, alhali a lambar Reynolds miliyan 6 wannan fiffike yana kai 1.6 a wajen digiri 16. Wanda ya ɗauko jadawalin miliyoyi ya kwatanta zai ɗauka aikinsa ya lalace, nan kuwa lafiya lau yake. Akwai kuma wani hali: in kana saukowa daga sama, iskar ba ta komawa a kusurwar da ta saki, sai ka ƙara sauka digiri ɗaya ko fiye. Don haka a auna hawa daban, sauka daban, a rubuta wanne ne wanne, kuma kusa da wurin a rage taku zuwa rabin digiri. Mai son kwaikwayon babban jirgi yakan liƙa siririn tef mai haƙora a kashi 5 zuwa 10 na faɗi don ya yamutsa shimfiɗar da gangan. Yana kawar da ƙullin a ƙananan kusurwoyi, amma yana ƙara turjiyar guga, kuma ba ya mayar da 200,000 miliyan 5.

Turjiya ba mu dogara da sikeli a kanta ba. An sa jerin siraran bututu, kamar faɗin fiffike ɗaya a bayan wutsiya, suka auna gibin da fiffiken ya bari a gudun iska, daga gibin aka fitar da turjiya. Hanyar tana da kyau muddin iska na manne, bayan ta saki ba a yarda da ita. Gani da ido shi ne na ƙarshe, saboda yana ɓata samfuri. Gajerun zaren ulu da aka liƙa da salatif suna kwanciya inda iska ke manne, su hau kaɗawa har su juya baya inda ta saki. Sai farin garin titaniyam da aka dama da kananzir aka shafa siriri, bayan an rufe hudoji da tef. Ana kunna iska ya yi zane, ya taru a layi guda daidai inda hudojin nan suka nuna shimfiɗaɗɗen matsi. A ɗauki hoto fanka na aiki, tana tsayawa zanen ke zubewa.

Ba a miƙa lambobin yadda suka fito. Bangon rami yana matse iska kusa da samfuri ta ƙara gudu, sawun da ke baya ma yana toshewa, kuma rufi da ƙasa suna hana iska lanƙwasa yadda za ta yi a sarari. Duka ukun suna sa ɗagawa ta fi gaskiya yawa. Gyaran lanƙwasa yana tafiya da faɗin fiffike a raba da tsayin akwati, a ninka da kansa, a sake ninkawa da wajen 0.206. Ga nawa, mai kashi ɗaya cikin huɗu, kashi 1.3 ne cikin 100, a haɗa da na toshewa ya kai biyu zuwa uku. Da fiffiken santimita 30 ne, wannan ɓangare kaɗai ya haura kashi 5. A rahoto a nuna ɗanyen adadi da gyararre gefe da gefe, da iyakar kuskure a kan kowane ɗigo. A tuna kuma wannan fiffike ne daga bango zuwa bango. Na gaske mai ƙarshe a sarari yana da guguwa a kowane gefe, kuma in tsawonsa ninki huɗu ne na faɗinsa ƙaruwar CL takan sauko daga 0.11 zuwa wajen 0.07 a digiri, da ƙarin turjiya mai hawa da CL sau CL.

Kafin a karɓi makulli ana goge akwati, a duba raga ko wani zare ya maƙale, a cike rajistar awoyin da aka yi, injiniya ya sa hannu, kwafi ya tafi ofishin kuɗi. Ga mai zuwa a bayana: ka nemi fayil ɗin rami kafin ka zana samfuri, takardar asusu kuma tun ranar farko. Ka ware kashi ɗaya cikin uku na lokacinka ga awon rami ba samfuri da saita sikeli, ka bar ranar ƙarshe ba komai a jadawali don maimaita ɗigon da ya kauce. Ka rubuta zafi da matsin ɗaki a farko da ƙarshen kowane zagaye, ka sake karanta sifilin sikeli bayan fanka ta tsaya. In ya zame fiye da kashi ɗaya cikin goma na turjiyar da kake nema, wannan zagaye a sake shi. Ka riƙa zana jadawalin CL nan take kana cikin ɗakin, kuma samfurin ya zauna a ɗaure har malami ya ga zanen, domin sake ɗaura shi na nufin sake neman sifili da sake awon maƙala daga farko.